Yadda Ake Haɗa Tirelar Ruwa Don Tare Gobarar Daji a Ƙauye

Daga ƙarshen Oktoba, da ruwa ya ɗauke ciyawa ta fara ja, har zuwa cikin Maris, duk wanda ke da dami a gona ko harawa a kan bishiya rabin barci yake yi. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, ta tsotse ɗan danshin da ya rage a jikin kara da ciyawa. Daga nan mafarin wuta kawai ake jira: yaran da suka tura wa ramin gafiya hayaƙi, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wuta, mai sassabe da ya kunna ya tafi gida cin tuwo, ko guntun taba daga tagar mota. Motar kashe gobara kuwa, in an yi sa'a tana hedikwatar ƙaramar hukuma, in ba a yi ba tana babban birnin jiha. Sau da yawa kafin ta iso an fara jaje.

Abin da za mu haɗa bai fi ƙarfin mai waldar garinku ba: tanki a kan tirela mai taya biyu, da injin ruwa, da tiyo. Amma mu yi magana ta gaskiya tun kafin ka kashe ko sisi. Lita 1,000 ba za ta tare wutar da ta kama gamba iska na korarta ba. Gambar nan tamu da ake yin zana da ita, an kai ta Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu, yau ta zame musu annoba a arewacin ƙasar saboda zafin wutar da take ci, su da ke da jiragen kashe gobara ke nan. Aikin tirelar shi ne ta kashe wuta tun tana ƙarama, ta jiƙa rumbu da danni da tarin kara kafin tartsatsi ya sauka, ta kuma bi bayan wuta tana kashe garwashi. A nan take biyan kuɗinta.

Fara da lissafin nauyi

Yawancin masu wannan aiki tanki suke fara saye, sannan su nemi abin da zai ɗauke shi. Juya lamarin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita 1,000 tan guda ne cur. Ƙara nauyin tankin kansa, wajen kilo 60, da ƙarfen tirela kilo 200 zuwa 250, da inji kilo 25 zuwa 30, da tiyo da sauran tarkace. Ka doshi kilo 1,400 ke nan.

To, me zai ja wannan? Tarakta ba ta ma san an ɗaura mata ba. A-kori-kura irin Hilux za ta ja lafiya. Ƙaramar mota ko keke mai ƙafa uku kuwa, kada ka wuce lita 400 zuwa 500, wato duro biyu. Shanun huɗa suna iya ja, amma dabba ba ta tsayawa gaban wuta da hayaƙi, in ta firgita kuma da tan guda a bayanta, kai ne za a ɗauka. Amalanken shanu ya tsaya ga jigilar ruwa daga rijiya zuwa nesa da wutar.

A Turai doka ce duk tirelar da ta haura kilo 750 sai an sa mata birkinta. Ba don ƙawa suka sa dokar ba. In taka ba ta da birki, to tafiyar tarakta ce kawai ta dace da ita, kuma kada ka hau kwalta da ita cike kana gudu.

Tanki

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne farin tankin roba mai kejin ƙarfe, mai cin lita 1,000, wanda kamfanoni ke shigo da kaya a ciki. Gindinsa mita 1.2 ne da mita 1, tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya, yana da bawul mai inci biyu a ƙasa da murfi a sama. Kafin ka biya, buɗe murfin ka sansana, ka karanta takardar da ke jikin kejin. Wanda ya ɗauko sikari ko man girki ko sabulu, wanki kawai yake so. Wanda ya ɗauko maganin feshi, ko fetur, ko wani sinadarin da mai sayarwa ke ta kame-kame a kansa, bar masa kayansa ko da kyauta ne. Duk tsabtarsa kuma, ruwan ciki ba na sha ba ne.

Aibin wannan tanki biyu ne. Yana da tsayi, kuma ba shi da katanga a ciki. In ya cika fal ruwan ba shi da wurin motsi, in babu komai ba shi da nauyi. Rabin tanki ne mugu: ka taka birki, kilo 500 na ruwa ya ruga gaba ya daki bango, ya dawo baya, tirelar ta riƙa tura motar tana fizgarta. A kwana ko a gefen tudu kuma ruwan ya koma ɓangare ɗaya, sai ka ga taya ta ɗaga. Wanda yankinsu ke da kwazazzabai da hawa da sauka, gara ya kwantar da duro huɗu masu lita 200 a jere ya haɗa su da bututu ta ƙasa. Lita 800 ce, amma nauyin yana ƙasa, kowane duro kuma ya riƙe ruwansa.

Tankin rufin gida mai tsaye, kada ka ma soma. An yi shi ne ya zauna wuri ɗaya, hanyar gona za ta tsaga shi.

Gadon tirela, aksul da taya

Aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi biyu, na tsohuwar a-kori-kura ko ƙaramar bas, da sifirin ɗinsa masu ganye, shi ne abin nema. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ba za ka rasa ba. Juya kowace ƙafa da hannu ka saurara: in boris yana gurnani, a canza shi a cika da giris tun yanzu.

Tayar ce mutane suka fi yi wa rowa. Duba lambobin da ke gefenta. Bayan girman taya akwai lambar nauyi: 82 tana nufin kilo 475, 88 kilo 560, 102 kilo 850, 106 kuma kilo 950. Tayar ƙaramar mota guda biyu masu lamba 82 ba su kai tan ɗaya ba in an haɗa, kai kuma kana shirin ɗora musu kusan tan ɗaya da rabi a cikin ƙaya da kututture. Nemi tayar bas mai harafin C, irin 195R14C, ka sayi uku, ɗaya safaya.

Gadon ya zama kamar mita 2 a tsawo, mita 1.3 a faɗi, da ƙarfen chanel mai milimita 100 da 50, ko bututu mai kusurwa huɗu wanda kaurinsa bai gaza milimita 3 ba. A gitta ƙarfe duk bayan santimita 40, a tabbata biyu daga ciki sun faɗo daidai ƙarƙashin gefen tankin. Wuyan tirelar a yi shi da ƙarfe biyu da suka haɗu a gaba kamar bakin kibiya, tsawon mita 1.2 zuwa 1.5. Ga inda za ka tsaya a kan mai walda: kada ya manna wuyan a goshin gadon kawai. Ƙarafan biyu su shige ƙarƙashin gadon har su kai inda sifirin ya kama ta gaba, a yi musu walda a duk inda suka gitta wani ƙarfe. Na taɓa ganin wadda aka manna wa wuya a goshi. Rami ɗaya ta faɗa a hanyar rafi, wuyan ya bi tarakta, tankin ya durƙusa a tsakiyar hanya kamar raƙumi.

Wurin zaman aksul shi ne sirrin tirelar da ba ta rawa. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ya sauka a kan ƙugiyar mota, wato kilo 140 zuwa 210 a namu lissafin. In daga ƙugiya zuwa aksul mita 2.5 ne, tsakiyar nauyin gaba ɗaya ya kasance santimita 25 zuwa 37 gaban aksul. Tunda wuyan da injin ma suna gaba suna ƙara nasu, sa tsakiyar tankin kamar santimita 15 zuwa 20 gaban aksul ya wadatar. In ka kuskura tankin ya koma bayan aksul, tirelar za ta riƙa ɗaga bayan motar tana wutsiya hagu da dama. Shi ya sa ake ɗan ɗiga walda tukuna, a ɗora tanki, a cika, a gwada, sannan a ƙone walda ta dindindin.

A kewaye gindin tankin da ƙarfen angul ta fuska huɗu don kada ya zame, a ɗaure kejin da noti a jikin gadon, a kuma ɗora bel biyu masu ƙarfi ta samansa. Igiya ba ta wannan aikin. Sai sarƙa biyu daga wuyan zuwa motar ko da fin ya fita, da ƙafar tsayawa a gaba, da abin ƙyalli a baya saboda dare. A shafe ƙarfen da jan fenti na hana tsatsa. In da sauran kuɗi, a yi wa tankin rumfar kwano: rana tana cinye farar roba har ta yi gautsi, haske yana haifar da gansakuka a ciki, kwanon kuma yana tare tartsatsi.

Inji

Kowa ya san injin ban-ruwa mai inci biyu na fadama, kuma shi zuciya za ta fara rayawa tunda akwai shi a gida. Matsalarsa, an yi shi ne don yawan ruwa, ba don ƙarfin turawa ba. Yana iya fitar da lita 500 zuwa 600 a minti ɗaya, ma'ana in ka sake masa baki, minti biyu ya kwashe tankinka tas. Tsayin da yake iya tura ruwa kuma bai wuce mita 30 ko kusa da haka ba.

A jikin kowane inji akwai lambobi biyu: lita nawa a minti, da mita nawa na tsayi. Ta biyun za ka duba. Kowace mita 10 daidai take da awon matsi ɗaya da ake kira "bar" a Turance. Don kashe wuta nemi mai mita 50 zuwa sama. Masu farfela biyu a ciki suna haura haka sosai. Injin da ke juya shi irin Honda GX160 ko GX200 ne, ko 'yan kwaikwayonsu na China da suka cika kasuwa, kuma kowane bakanike ya san cikinsu. In na fadamar kaɗai gare ka, yi amfani da shi, ya fi bokiti nesa ba kusa ba. Sai dai ka rage masa baki zuwa inci ɗaya, ka kuma san dole ka matsa kusa da wutar.

A ɗaure injin a kan wuyan tirela, a ƙasa da tanki yadda ruwa zai gangaro masa da kansa, a sa guntun taya a ƙarƙashinsa don rage girgiza. Salansa ta kalli waje, nesa da roba da tiyo, a sa mata ragar ƙarfe mai tare tartsatsi. Abin kunya ne injin kashe wuta ya tayar da wata.

Haɗa bututu

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake yawan ɓata shi.

Bawul ɗin tankin keji yana da zare mai gwaɓi wanda bai dace da zaren kayan famfo na kasuwa ba, sai ka nemi mahaɗin da aka yi dominsa. Kada ka tilasta wani a kai, zaren roba ne, sau ɗaya yake lalacewa. Daga nan zuwa bakin shan injin a sa tiyo mai inci biyu mai zobe a jikinsa, irin wanda ba ya lotsewa in ana zuƙa. Ko da tazarar taku ɗaya ce kada a sa busasshen bututu, girgizar hanya za ta karya shi.

Kafin bakin injin a sa mahaɗi mai baki uku da bawul biyu: ɗaya daga tanki, ɗaya daga dogon tiyon zuƙa na mita 6 zuwa 8 mai rariya da bawul ɗin hana komawa a ƙarshensa. Da wannan za ka tsaya bakin tafki ko rafi, ka rufe na tanki, ka buɗe na waje, ka cika cikin 'yan mintuna. Ka tuna babu injin irin wannan da ke zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, saboda haka rijiya mai zurfi ba ta cikin lissafi. Ɗaura wa rariyar jarka marar komai ta riƙa yawo a saman ruwa, kada ta nutse cikin laka.

Duk wata mahaɗa a ɓangaren zuƙa a naɗe ta da farin tef, a ɗaure da kilif biyu. Ƙofar da allura ba za ta shiga ba ta isa ta sa inji ya sha iska, ka ji yana ta kuka ruwa bai fito ba.

A bakin fita kuma a raba gida uku, kowanne da bawul ɗinsa. Na farko tiyon kashe wuta. Na biyu na ko-ta-kwana, ko na cika wa mutane bokiti. Na uku ya koma cikin tanki ta sama, shi ne na cikawa, kuma shi ne mai ceton injin. In mai riƙe da tiyo ya rufe baki yana tafiya, inji kuma na ci gaba da juyawa, ruwan da ya maƙale a ciki yakan yi zafi har ya ƙone sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo a cikin injin. Bar wannan bawul a ɗan buɗe kullum, siririn ruwa ya riƙa zagayawa. Kuma duk lokacin da za a ja ruwa, a sassauta murfin tanki, ko a huda masa ƙofar shan iska tun farko. In ba haka ba, kana kallo tankin zai shige ciki kamar an matse gwangwani.

Tiyon kashe wuta ya zama na roba mai kauri, inci ɗaya, mita 30. Mai uku bisa huɗu na inci ya fi sauƙin ja, amma a gudun ruwa iri ɗaya yana cinye ƙarfi kusan ninki huɗu na mai inci ɗaya. Shimfiɗaɗɗen tiyon leda na fadama kuwa ƙaya ɗaya ta gama da shi, balle garwashi. A ƙarshensa a sa bakin feshi na tagulla da ake murɗawa, ya yi tsinin ruwa, ya yi yayyafi, ya kuma rufe. Wanda ke fitar da lita 30 zuwa 40 a minti zai ba ka kusan rabin awa daga tanki ɗaya. Tsohon rim ɗin babur ko na mota da aka yi wa hannu ya isa abin naɗe tiyo.

A gefe a yi akwatin ƙarfe: shebur, manjagara, adda, fartanya, buhunan algarara na jiƙawa a bugi wuta, injin feshi na goyo guda biyu da ba a taɓa zuba musu magani ba, fulogi da igiyar tayar da inji na safaya, sifana, da jarkar ruwan sha. Ɗan sabulun ruwa kaɗan a tanki, kamar rabin kofin shayi, yana sa ruwa ya ratsa ƙaiƙayi da tarin harawa maimakon ya gangare ta sama. In ya yi yawa kumfa za ta hana injin ja.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cika tankin, ka bar shi ya kwana, da safe ka duba ƙasa ko akwai ɗigo. Buɗe murfin da ke saman ɓangaren ruwa na injin, ba na tankin mai ba, ka ɗura ruwa har ya cika kafin ka tayar. Minti kaɗan na juyawa a bushe ya isa ya kashe sil. Sa agogo ka ga minti nawa tankin ke ɗauka ya ƙare, ka auna taku nawa ruwan ke kaiwa, ka rubuta da fenti a jikin tirelar. Ja ta cike a hanyar da ta fi muni a yankinku, a hankali, sannan ka sake ɗaure kowane noti ka duba walda ko ta tsage. Mutum uku aƙalla su iya tayar da injin da juya bawul ba tare da an kira ka ba, har da matan gida, domin wuta ta fi son ranar kasuwa da maza ba sa nan.

Ranar da ta tashi

Sa wani ya kira 112 in a Nijeriya ne, ko 18 in a Nijar ne, ku kuma ku fita mutum uku: direba, mai tiyo, da mai lura da iska wanda ba ya taɓa komai sai kallo. Tufafin auduga masu dogon hannu, da takalmi rufaffe. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata, babbar riga kuma tana kwasar wuta, silifas ba a ma maganarsa. A rufe hanci da busasshen ƙyallen auduga.

Kada ku tari wuta ta gaba. Ku zo mata ta baya, ta inda ta riga ta cinye, ku bi gefenta kuna matse ta. Ƙasar da ta ƙone ita ce mafakarku. Wuta tana ƙara gudu in tana hawa tudu, kusan ninki biyu a duk hawan digiri 10, don haka kada a tsaya samanta. A juya motar ta fuskanci hanyar fita, inji a kunne, tirela a ɗaure, kuma kada a tsayar da ita cikin doguwar ciyawa, zafin salansa kaɗai yana kunna ta.

Gindin wuta ake nufa da ruwa, ba harshenta ba. Ɗan feshi, a rufe, a matsa, masu buhu da shebur su biyo baya su ƙarasa. In harshen ya fi tsayin mutum, a ja da baya a koma jiƙa abin da ake son tsarewa. Ba a fesa ruwa kusa da wayar lantarki, ba a zuba shi kan wutar fetur ko man inji, ba a kuma ƙara wa inji mai yana da zafi. In ruwa ya sauka zuwa lita 200, a tsaya a tafi ɗebowa, wannan na kare kanku ne. Bayan an ga kamar ta mutu, a bi kututture da kashin shanu da gindin dami ɗaya bayan ɗaya, su ne ke riƙe garwashi har dare iska ta tashi.

Duk wannan ya fi sauƙi in an share fili kewaye da rumbuna da masussuka tun kaka, kamar yadda ake buɗe layukan tare wuta kowace shekara a yankunan makiyaya na Tawa da Damagaram. A bakin irin wannan layi wuta take rage ƙarfi, a nan lita 1,000 take yin aikin lita dubu goma.

Tsakanin wuta da wuta

Daga Nuwamba zuwa Maris a tayar da injin sau ɗaya a mako, minti biyar, ruwa na zagayawa cikin tanki. Fetur yana lalacewa in ya daɗe, ya toshe kafireto, saboda haka a rufe makunnin mai a bar injin ya shanye na ciki ya mutu da kansa. Baƙin mai a canza bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko wata shida. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri, a riƙa kakkaɓe ta. A duba iskar taya, a kuma ajiye tirelar a inuwa, wuyanta na kallon ƙofa, ba abin da aka jingina a gabanta.

In ta gari ce aka yi karo-karo, a zauna gaban mai unguwa a yanke wa ke riƙe da ita da wa ke sayen mai. Za a zo aronta, wannan ba makawa: mai gini, mai biki, mai dashen mangwaro. A bayar, motsin ma yana yi wa injin amfani, kuɗin hayar kuma ya sayi fetur da taya. Sharaɗi ɗaya ne, a rubuta shi da jan fenti a jikin tankin: kafin magariba ta dawo wurinta, cike da ruwa, da mai a inji.